Tef ɗin Dwight da Kujerun Mama Lorraine

"Ni da kuke gani," in ji Dwight Zabel, yana dukan ƙirji har ɓarɓashin biredi na zubowa daga rigarsa, "a jera mini samarin jami'a ɗari uku. Tafin hannunsu kawai zan duba, in gaya muku wanda zai ɗauko mana kofi da wanda zai ƙare a sayar da tsofaffin motoci."

A teburin surukarsa ya faɗi haka, ranar Lahadi da rana, saura mako uku ƙungiyoyin ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, su zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa. Ba wanda ya ɗago kai daga faranti. Shekara goma sha tara ke nan suna jin wannan karatun.

Bari in nuna muku mutumin. Dwight mai shimfiɗa kafet ne, kuma a kan kafet ba ni da abin cewa, ya iya. Gajere ne, mai tumbi kamar ya haɗiyi hular kwanon 'yan wasa, da gashin baki irin na burushin wanke takalmi. A ƙugunsa kullum akwai tef ɗin awo, rawaya. Da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa jana'iza. Matarsa Marcy ta ce ko ranar aurensu sai da ya tsaya a tsakiyar hanya ya auna kafet ɗin cocin, ya ce an cuci fasto da inci huɗu.

To amma kafet sana'a ce kawai. Abin da Dwight ya ɗauka an haife shi dominsa shi ne sanin wanda ya kamata ƙungiyar garinmu ta zaɓa. Kun san yadda abin yake: wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓa. Bana mu ne na uku, wato a duk faɗin ƙasar nan ƙungiyoyi biyu ne kacal suka fi mu lalacewa. Mai jefa mana ƙwallo an kayar da shi ƙasa sau sittin da biyu a kakar wasa ɗaya, har ciyawar filin ta san ƙamshin bayansa. Sai gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a nemo sabon mai jifa. Wasu suka ce ina amfanin sabon mai jifa alhali ba katangar ƙatti masu tare masa abokan hamayya a gabansa, ai shi ma kwanciyar zai zo ya yi. An yi faɗa a kan wannan a shagon aski, an yi a wurin wankin mota. Wasu 'yan'uwa biyu ma sun daina gaisawa.

Dwight ɗan ɓangaren sabon mai jifa ne na gani kashe ni. Kuma mai jifa, a karatunsa, tafin hannu ne. In bai kai inci goma ba, ƙwallo za ta zame masa ranar da ƙanƙara ta sauka.

Yanzu ga inda zancen yake. Surukarsa, Mama Lorraine, 'yar shekara tamanin da uku, tana da kujeru biyu a filin wasa, layi na tara, daidai tsakiya. Marigayi mijinta ne ya same su tun kafin a haifi Marcy. Irin kujerun nan ne da mutum zai rubuta sunan jaririnsa a layin jira, jaririn ya yi jikoki ba a kira shi ba. Al'adar gidan kuwa ita ce, duk shekara kowa ya rubuta sunan wanda yake ganin ƙungiya za ta fara zaɓa, ya jefa a gwangwanin biskit na Mama. Wanda ya canka shi zai zauna kusa da ita kaka guda.

Dwight ya jefa takarda sau goma sha tara. Ya faɗi sau goma sha tara. Wata shekara ma sunan da ya rubuta na wani yaro ne da ya riga ya bar ƙwallo ya tafi koyon aikin haƙori. Wanda ya saba ci shi ne Ozzie, ƙanen Marcy, mai raba wasiƙu, siriri kamar sandar share ƙanƙara, mai baki kamar reza.

Ranar nan Mama Lorraine ta ajiye cokali ta ce, "Gwiwoyina sun ce ba su ƙara hawa matakalar filin nan. Don haka bana wanda ya ci, kujerun biyu nasa ne har abada. Zan sa hannu a takarda."

Dankali ya maƙale wa Dwight a wuya. Da ya samu ya haɗiye, sai ya ce, "Mama, ki fara neman biro."

"Ta nemo maka hankici dai, Sarkin Tef," in ji Ozzie.

"Kai tafi can, mai gudun karnuka. Me ka sani ban da lambar gida?"

"Na san layi na tara. Akwai ɗumi a wurin, ka taɓa ji?"

Marcy ta miƙa wa mahaifiyarta miya.

Daren farko ma bai jira ba, da yamma ya fara aiki. Ya kunna hotunan wasannin jami'a a babbar talabijin ɗin falo, duk lokacin da wani mai jifa ya ɗaga hannu sai ya tsayar da hoton, ya ruga ya manna tef a gilashi. Kwana uku yana wannan. Ranar Laraba Ozzie ya kawo wasiƙa, ya tarar da shi durƙushe a gaban talabijin yana rawar jiki.

"Ozzie, zo ka ga ikon Allah! Inci goma sha huɗu! Wannan ba hannu ba ne, shebur ne!"

Ozzie ya dubi hoton, ya dubi surukinsa. "Je ka auna shi a ƙaramar talabijin ta kicin."

Dwight ya tafi. Can sai ga shi ya dawo fuska a yamutse.

"Nawa?" in ji Ozzie.

"Uku."

"Kai! Yaro ya rame daga falo zuwa kicin. A kai shi asibiti."

Da wani ne, da ya bari a nan. Dwight kuwa haɗa goma sha huɗu da uku ya yi, ya raba biyu, ya samu takwas da rabi, ya soke sunan yaron. "Hannun 'yan mata," ya ce.

Da talabijin ta ci amanarsa, sai ya koma wa babbar dokarsa, wadda duk mai sauraron shirin wasanni na safe a rediyon garinmu ya haddace, don kusan kullum sai ya buga waya. Dwight na Titin Tafki, haka ake kiransa a shirin.

"Ku saurara, jama'a," ya ce da safen nan, yana tuƙi da hannu ɗaya. "A watan Afrilu kowa maƙaryaci ne. Manajan ƙungiya ba zai taɓa faɗin wanda yake so ba, kar wata ƙungiyar ta riga shi. In ya ce gabas, ku nufi yamma. In ya ce ɗan katanga yake so, mai jifa zai ɗauka. In ya yabi yaro, ya tsane shi. In ya ce muku ina kwana a watan Afrilu, ku duba agogo!"

"To Dwight," in ji mai gabatarwa, "kai ma ai a watan Afrilun kake magana."

"Ni daban ne. Kuma ka gaya wa wannan manajan namu, Halvorsen, in bai ɗauko mai jifa ba bana, ya tattara ya koma kiwon kaji!"

Aka katse layin, aka sa tallar taya.

Sai dabara ta uku ta zo masa, wadda ya kira uwar dabaru. Duk garin an san ƙungiya kan shigo da samarin da take so a ɓoye, ta duba su, manaja ya kai su cin nama a gidan abincin Kessler. Wa ya shimfiɗa kafet ɗin gidan Kessler? Dwight. Sai ya ɗauki akwatin aikinsa ya je ya ce ya zo duba ko kafet ya fara ɗagowa, kyauta. Suka ce bismilla.

Kwana huɗu bawan Allah yana rarrafe a hanyar shiga, yana auna wuri ɗaya. Masu kai abinci suna tsallake shi kamar kare ya kwanta a ƙofa. An taka masa yatsa sau biyu, an zuba masa miyar albasa a ƙeya sau ɗaya. Wata tsohuwa ta ɗauka wani abu ya ɓata masa, ta durƙusa ta taya shi nema.

Rana ta huɗu, da tsakar rana, wata baƙar mota mai duhun gilashi ta tsaya. Manaja Halvorsen ya shigo, dogo, fuska kamar wanda bai yi dariya ba tun yana firamare. A bayansa kuwa ga wani ƙato, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa, riƙe da jakar manajan kamar ya riƙe akwatin ashana.

Dwight bai ga fuska ba. Hannu ya gani.

Ya yi wuf ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an karya itace, ya cafke hannun ƙaton, ya buɗe shi, ya zaro tef. Daga babban yatsa zuwa ƙarami. Ya duba. Ya sake dubawa. Idonsa ya cika da hawaye.

"Goma sha ɗaya da kwata," ya ce cikin raɗa. "Kuma ba a talabijin ba."

"Malam, lafiya?" in ji ƙaton.

"Yaya sunanka, ɗana?"

"Clarence Boatwright. Ba ni hannuna."

"Boatwright... Boatwright..." Dwight ya laluba ƙwaƙwalwarsa. Babu sunan a jerin kowace jarida, babu a rediyo, babu ko'ina. Ya washe baki don murna. Ashe har haka suka ɓoye shi! "Wace jami'a?"

"Wace irin jami'a? Ni direba ne."

"Direba!" Dwight ya kashe masa ido. "Haka suka ce ka ce. Ya yi kyau. Har makulli suka ba ka."

"Shekarata arba'in da shida, malam. Ina da jika."

"Jika! Kai, sun yi aiki. Furfurar nan fa, wa ya shafa maka? Kamar gaske." Kafin ƙato ya ankara, Dwight ya tsoma tsumman tebur a kofin ruwan wani baƙo, ya yi ɗage, ya shiga goge masa gemu. "Ba ta fita. Mai tsada suka sa. Tumbin kuma matashin kai ne, ko?" Ya danna yatsa. Tumbin ya danno shi.

Manaja, wanda ya riga ya kai bakin teburinsa, ya juyo a hankali. "Tsaya. Na san muryar nan. Kai ne Dwight na Titin Tafki?"

Dwight ya gyara wando. "Ashe kana saurarona, yallaɓai."

"Kai ne mai tura ni kiwon kaji."

"Shawara ce ta ɗan'uwa. Amma yanzu na janye. Na ga abin da ka ɓoye." Ya nuna ƙaton da haɓa.

Halvorsen ya dubi direbansa da jiƙaƙƙen gemu, ya dubi tef, ya dubi naman da ake kawo masa yana hucewa. Sai ya sunkuyo daidai kunnen Dwight.

"Saurara da kyau. Wendell Pope za mu ɗauka. Ɗan katanga ne. Ka je ka faɗa a rediyo in ka ga dama. In daga bakinka ya fito, babu ƙungiyar da za ta yarda a duk ƙasar nan. Yanzu sakar mini direba."

Dwight ya ja da baya, ya dafa ƙirji, ya yi murmushin manya. "Wendell Pope. Na ji, yallaɓai. Na ji sarai." Ya kashe ido ɗaya, ya kashe ɗayan, ya kwashi akwatinsa ya fita yana tafiyar agwagwa.

A gida ya tarar da Marcy tana guga. Ya rufe ƙofa, ya ja labule, ya leƙa akwatin wasiƙu ko Ozzie na ciki.

"Marcy, an gama. Kujeru sun zama namu. Nawa, wato, amma za ki riƙa zuwa wani lokaci." Ya kwashe labari kaf ya gaya mata, har da furfura. "Kin san abin dariyar? Manaja da kansa ya so ya yi mini wayo. Ni! Ya raɗa mini sunan ƙarya."

"Wane suna?"

"Wendell Pope, wai. Ɗan katanga. Ji suna kamar na mai gyaran famfo."

"Ka tabbata ƙarya ce?"

"Marcy, Marcy." Ya shafa kafaɗarta cikin tausayi. "Ke dai yi gugarki. Wannan harka ce ta masu ilimi. In akwai sunan da na rantse ba za a kira ba ranar nan, to shi ne wannan."

"To," in ji Marcy. Ta juya rigar ta ci gaba da guga.

Washegari Dwight ya je shagon buga riguna, ya sa aka yi masa rigar ƙungiya da BOATWRIGHT a baya, manyan baƙaƙe, lamba ɗaya. Mai shagon ya tambaya wane ne wannan. Dwight ya ce, "Ka riƙe sunan. Wata rana za ka gaya wa 'ya'yanka kai ka fara buga shi."

Ranar zaɓe da yamma aka hallara a falon Mama Lorraine. Ga fukafukan kaza, ga narkakken cuku, ga gwangwanin biskit a cinyar Mama, ta ɗora hannu biyu a kai. Kowa ya jefa takardarsa. Dwight ya shigo da rigar sanyi a rufe har wuya, sai da aka fara sannan ya tuɓe ta, ya juya musu baya.

Ozzie ya karanta. "Boat... wane ne kuma wannan? Mai ba ka kafet bashi?"

"Yi dariya, ɗan aike. Daga layi na tara zan riƙa ɗago maka hannu a talabijin."

Ƙungiya ta farko ta zaɓi mai jifa. Ta biyu ma ta zaɓi mai jifa, kuma shi ne wanda Ozzie ya rubuta. Ozzie ya jefar da ƙashin kaza ya yi tsaki. Dwight ya yi masa gwalo.

Sai mu. Mai sanarwa ya hau dandamali da kati a hannu. Dwight ya miƙe tsaye, ya buɗe hannuwa kamar mai jiran ruwan sama.

"Ƙungiya ta uku ta zaɓi... Wendell Pope, ɗan katanga."

A talabijin wani saurayi mai faɗin firiji ya rungume mahaifiyarsa yana kuka, aka ɗora masa hularmu.

Hannuwan Dwight suna sama har yanzu. "Ku kwantar da hankalinku," ya ce. "Wasa ne. Suna ruɗa sauran ƙungiyoyin ne."

"A gaban duk ƙasar?" in ji Mama Lorraine.

"Mama, babbar ƙarya ai babban fili take so. Yanzu za su karɓe hular."

Ba a karɓe hular ba. Maimakon haka aka nuno ƙofar ofishin ƙungiya, inda magoya baya suka taru suna ihu. Baƙar motar nan ta tsaya. Wani ƙato mai furfura a gemu ya fito daga wajen tuƙi, ya zagayo, ya buɗe wa manaja ƙofa.

"Ga shi can!" Dwight ya yi ihu kafin ya kama bakinsa. "Boatwright!"

Ozzie ya dubi talabijin. Ya dubi rigar. Sai ya zame daga kujera ya kwanta a kafet, kafet ɗin da Dwight ya shimfiɗa da hannunsa, yana dukan ƙasa. "Direba! Wayyo cikina! Ka ga yadda ya kama murfin motar? Hannun nan ya fi inci goma! Ko ƙanƙara ta sauka ba zai zame masa ba!"

Mama Lorraine ta sa tabarau, ta buɗe gwangwani. Ta karanta ta Ozzie, ta ajiye. Ta karanta ta Dwight, ta dube shi ta saman tabarau, ta ajiye. Ta buɗe ta ƙarshe.

"Wendell Pope. Rubutun Marcy."

Dwight ya juyo kamar an ɗaure masa wuya. "Ke? Yaya aka yi?"

"Shekara goma sha tara kana gaya mini wanda za a zaɓa," in ji Marcy, tana goge yatsu, "bai taɓa yi mini amfani ba. Bana ne kawai ka gaya mini wanda ba za a zaɓa ba."

Mama ta zaro biro daga jaka. Ashe da gaske ta nemo shi.

Dwight ya zauna. Ya tashi. Ya ɗan yi tari. Sai ya matso kusa da matarsa a hankali, ya gyara mata matashi, ya zaɓo mata fiffiken da ya fi nama. Muryarsa ta koma kamar ta mage a bakin kicin.

"Marcy tawa. Kujerun ai biyu ne. Ɗayar... tawa ce, ko?"

"Taka ce mana, maigidana," in ji ta, da murmushi mai daɗi. "Wa zan ba in ba kai ba?"

Dwight ya daka tsalle. Ya sumbaci kan Mama. Ya tsallake Ozzie, ya dawo ya sake tsallake shi. Yana tsakiyar rawa sai idonsa ya sauka a kan kalandar bango. Ƙafarsa ɗaya ta tsaya a sama.

"Marcy... yau nawa ga wata?"

"Ashirin da huɗu," ta ce, ta gatsa kaza. "Ga Afrilu."

Ranar wasan farko na kaka, a wajen ajiye motoci na filin aka ga Dwight, yana tsaron gawayin gashin nama da kujerun ninkewa, sanye da rigar nan don ba wanda ya yarda ya saye ta. Marcy ta riga ta shige. Sai ga inuwa ta rufe shi. Ya ɗago kai: Clarence Boatwright ne, da tikiti a hannu, ya ɓace cikin tafinsa kamar kan sarki.

"Matarka ta bugo mini waya ta ba ni haƙuri a kan gemuna, ta haɗa mini da wannan tikitin," in ji ƙaton. "Mutuniyar kirki. Layi na tara, ta ce." Ya zagaya ya karanta bayan rigar, ya jinjina kai, sannan ya saka wa Dwight makulli a hannu.

"Tunda yau kai ne Boatwright, ga motar can. In manaja ya fito, ka buɗe masa ƙofa."